Masana'antun Maiduguri: Da Wane Mudu Za A Auna Gyaransu?

Cikin shekarar 1964 ne hanyar jirgin ƙasa ta isa Maiduguri, bayan an yi shekara shida ana shimfiɗa ta tun daga Kuru, kusa da Jos, ta bi ta Bauchi da Gombe, tafiyar mil 400. Rancen farko da Bankin Duniya ya taɓa bai wa Nijeriya, watau dala miliyan 28 da aka sa wa hannu a 1958, saboda jiragen ƙasa aka karɓo shi, wannan aiki kuwa shi ne babba a ciki. Lissafin da mahukunta suka yi a wancan zamani ba mai wuyar ganewa ba ne. Gyaɗa da shanu da fatu da ƙiraga za su riƙa gangarawa kudu cikin taragu, injuna da siminti su hauro, sa'an nan garin nan da ke can ƙurewar arewa maso gabas ya sami ginshiƙin da zai ɗora masana'antu a kai.

An kuwa ɗora su. Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, ta kuma zama ta Jihar Barno a 1976. Kuɗin man fetur ya shigo, aka keɓe filaye a bayan gari, irin na Pompomari, domin masu kafa injuna. Aka yi ma'aikatar matsar man gyaɗa, da ta niƙa fulawa, da ta jan bulo, da ta waya da ƙusa. A farkon shekarun 1980 aka haɗa gwiwa da mutanen Italiya aka kafa kamfanin Neital, mai jimar fata da ɗinka takalma. Duk wanda ya san garin ya san makomar yawancin irin waɗannan wurare: waɗansu an rufe su, waɗansu suna ɗingishi, waɗansu kuma an tayar da su da kiɗa da jawabai, ba a daɗe ba suka sake kwantawa. Gwamnatoci da dama sun yi alkawarin farfaɗo da su. Abin da ba a cika ji ba a wajen irin wannan alkawari shi ne da wane mudu aka auna kafin a ce wannan ma'aikata ce za a zuba wa kuɗi, ba waccan ba.

LIKITAN GARI

Maiduguri ba baƙuwar awo ba ce. Akwai wani Bature masanin tsara birane, Max Lock, wanda ya yi suna a Ingila tun lokacin yaƙin duniya na biyu saboda irin binciken da ya yi wa garuruwan masana'antu da suka tsufa, musamman Hull da Middlesbrough, inda aka buga rahotonsa a 1946. Ra'ayinsa shi ne gari kamar majinyaci yake, likita kuwa ba ya rubuta magani sai ya duba jiki. Saboda haka kafin ya ja layi ko ɗaya a kan taswira, sai ya baza ma'aikata unguwa unguwa su ƙidaya gidaje, su tambayi mutane inda suke aiki da inda suke cin kasuwa, su auna hayaƙi da cunkoso. Shi ne ya tsara Kaduna a rahoton da ya fito a 1967, kamfaninsa kuma ya yi wa manyan garuruwan Jihar Arewa Maso Gabas irin wannan aiki, har rahoton Maiduguri ya fito a 1976.

To, yau shekara kusan hamsin ke nan. Garin da aka duba a wancan lokaci ya ninka kansa sau da dama, tun ma kafin rikicin Boko Haram da ya ɓarke a watan Yuli na 2009 ya koro jama'ar Bama da Gwoza da Marte da sauran ƙananan hukumomi zuwa cikinsa. Filayen da suke bayan gari a 1976 yanzu suna tsakiyar unguwanni. Mai niyyar gyara su da tsohuwar taswira tamkar mai ɗinka wa magidanci riga ne da awon da aka yi masa yana ɗan makaranta.

An yi wani babban awo bayan wannan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne kuskure ya fi sauƙin shigowa. A 2016 Gwamnatin Tarayya, tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da ƙiyasin ɓarnar da rikicin ya yi a jihohi shida na arewa maso gabas. An sami hasarar da ta kai kimanin dala biliyan 9, kusan kashi biyu cikin uku a Jihar Barno kaɗai. Aiki ne mai kyau, kuma a kansa aka dogara wajen neman taimako da tsara ayyukan Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda aka kafa da doka a 2017 aka ajiye hedkwatarta a Maiduguri. Amma fa wannan mudu abu guda yake aunawa, watau me aka rushe, nawa za a kashe a mai da shi yadda yake. Ya dace da makaranta da asibiti da gada, tun da ba a tambayar ko ana bukatarsu. Bai dace da ma'aikata ba, domin yawancin masana'antun Maiduguri ba yaƙi ne ya kayar da su ba. A kwance ya iske su.

Sai a duba yadda abin ya faru. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, su suka kawo ƙarshen cinikin gyaɗa na arewa, injin matsar mai ya rasa abin matsa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ja baya har ya koma wajen 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, da aka kafa a 1973, ta tsara noman rani na hekta 67,000 a wajen Marte don alkama da shinkafa, aka buɗe kashin farko a 1979, ba a jima ba babbar hanyar da ke janyo ruwa daga tafki ta bushe. Sa'an nan aka zo ga shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida a 1986. Naira ɗaya da ta fi dala ɗaya a 1985, kafin ƙarshen 1987 sai an ba da huɗu a karɓi dala guda, duk mai injin da ke jiran kayan gyara daga Turai ya shiga uku. A 1987 aka hana shigo da alkama, masu niƙa fulawa a ƙasa duka suka rasa ta yi har zuwa 1992. Jirgin ƙasa ya yi ta raguwa har ya daina zuwa. Duk waɗannan sun auku ne tun ba a ji ƙarar bindiga ko ɗaya ba. Wanda ya ce a mai da ma'aikata yadda take kafin 2009, sau da yawa cewa ya yi a mai da ita kan gadon jinya.

ƘIDAYA TUKUNA

Masana wannan fanni sun haɗu a kan cewa awon farko shi ne mafi arha, kuma shi aka fi tsallakewa: a bi fili fili a rubuta abin da ke nan. Birnin Detroit na Amurka, uwar masana'antar motoci, ya zube daga mutum miliyan 1.8 a 1950 zuwa ƙasa da 700,000, har hukumar birnin ta bayyana fatarar kuɗi a 2013. Abin da suka fara yi shi ne suka ɗauki mazauna garin aiki, suka ba su ƙananan na'urori, suka zaga filaye kimanin 380,000 cikin 'yan makonni, kowane fili da hotonsa da bayaninsa. A 2014 aka san cewa gine-gine wajen 40,000 sun lalace ƙwarai. Kafin wannan rana kowane jami'i da adadin da yake faɗi.

Filayen masana'antun Maiduguri ba su kai ko kusa da wannan yawa ba. Ɗaliban safiyo da tsara birane na Jami'ar Maiduguri da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat za su iya gama su cikin hutu guda. Tambayoyin ma ba su da yawa. Rufin yana nan? Injin nawa ne a ciki, na wace shekara, ana samun kayan gyaransa? Wa ke zaune a wurin yanzu, kuma da izinin wa? Sai tambayar da ta fi duka wuya, wane ne mai fili? Wani na Gwamnatin Tarayya ne, kamar na Hukumar Jiragen Ƙasa, wani na jiha, wani na ɗan kasuwa da ya rasu magada ba su raba ba, wani kuma takardarsa na hannun banki jingina. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon ƙwace fili saboda amfanin jama'a, amma sai da diyya, diyya kuwa kuɗi ce da dole ta shiga lissafi tun farko. Jihar Barno ta kafa hukumar BOGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta, saboda haka wurin da za a zuba sakamakon ƙidayar yana nan a shirye.

Bayan an san abin da ke bisa ƙasa, sai a nemi sanin abin da ke cikinta. Majemar zamani tana aiki da sinadarin kuromiyam, gidan batir yana barin darma, ma'ajiyar mai tana tsiyaya shekara da shekaru ba a sani ba. Mutanen Zamfara sun ga abin da darma ke yi a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gida. A Amurka mataki biyu ake bi. Da farko a karanta tsofaffin takardu, a tambayi waɗanda suka yi aiki a wurin ina aka riƙa zubar da dagwalo, ina tankin mai yake. In an ga alamar haɗari, sa'an nan a haƙa a ɗebi ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji. Matakin farko kusan kyauta ne, sai dai yana da wa'adi, domin leburorin da suka san inda aka binne kome tsofaffi ne yanzu. Dokarmu ta duba illar ayyuka ga muhalli, mai lamba 86 ta 1992, wadda ta biyo bayan dattin gubar da aka jibge a Koko a 1988, ta fi mai da hankali kan sabon aikin da za a fara. Tsohon fili da ake son a yanka wa mutane su gina gidaje, su haƙa rijiya, shi ne ke iya sulalewa ba a duba ba. A garin da yawancin jama'a ke shan ruwan burtsatse, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

IN TAFKI YA JA BAYA FA?

Awon riba da hasara kowa ya san shi, kowane ɗan kwangila ma yana iya kawo takardar da ta nuna riba. Inda ake gane na ƙwarai shi ne ko an girgiza lissafin. Ana ɗaukar kowane zato da aka gina shi a kai, a ɓata shi da gangan, a ga ko aikin zai tsaya da ƙafarsa. Aikin noman rani na Marte an gina shi bisa tsayin ruwan shekarun damina mai albarka. Tambaya guda, in tafki ya ja baya fa, ita ce ba a ba nauyin da ya kamace ta ba.

Tambayoyi irin wannan guda uku ne ke jiran duk mai son kafa inji a Maiduguri. Ta farko wuta. A watan Janairu na 2021 mayaƙa suka fasa turakun layin lantarki da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, bayan kwana kaɗan suka sake fasawa, gari ya daɗe cikin duhu. Wannan ne ya sa kamfanin mai na ƙasa ya gina tasha mai ƙarfin megawat 50 da aka buɗe a watan Maris na 2023, ita ma da iskar gas da ake ɗaukowa a mota daga kudu aka tsara ta. Saboda haka lissafin gaskiya sai ya nuna kuɗin kaya in an yi wata shida kan janareto. Ta biyu ɗanyen kaya. Barno ƙasar shanu ce, amma majema ba ita kaɗai ke son ƙirgi ba, masu sayar da ganda suna biyan kuɗi a take, tukunya kuma ba ta duba ko wuƙar mahauci ta huda fata. Yawan shanun da ake yankawa daban, yawan ƙiragan da za su iso ƙofar ma'aikata da farashin da za ta iya biya daban.

Ta uku ruwa, ba ƙarancinsa kaɗai ba, har da yawansa. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta yi ambaliya a 1994, ta kuma ɓalle ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Kasuwar nan kuwa ba ta daɗe da farfaɗowa daga gobarar watan Fabrairu na 2023 ba. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna iyakar inda ruwan ya kai. A ɗora wannan taswira a kan ta filayen masana'antu, nan da nan za a ga wanda bai kamata a sake ajiye inji ko buhun hatsi a cikinsa ba, kome arharsa.

Idan an tara duk waɗannan bayanai, akan zuba su cikin jadawali a ba kowane fili maki: kusancin hanya, tsabtar ƙasa, haɗarin ambaliya, sauƙin takarda, yawan aikin yi. Dabara ce mai amfani, amma tana da wurin ɓuya. Wanda ya yanke cewa hanya maki talatin ce, hayaƙin da maƙwabta za su shaƙa kuma maki biyar, ya riga ya zaɓi wanda zai ci tun ba a fara tarawa ba. Mai kuɗi da lawanin unguwa da matar da ke suyar ƙosai a bakin ƙofar ma'aikata ba za su raba makin iri ɗaya ba. Maganin abin shi ne a bayyana rabon makin a fili, a sauya shi sau biyu ko uku, a ga filin da ke fitowa a sama ko ta yaya aka juya.

WA ZAI CI MORIYA?

A 1981 gwamnatin Ingila ta kafa hukuma don raya tsohuwar tashar jiragen ruwa ta gabashin Landan. Kafin a rufe hukumar a 1998 dogayen benaye sun tashi, dubban ma'aikatan banki sun cika wurin. Amma da aka zo bincike sai aka ga ayyuka da yawa ƙaura kawai suka yi daga wata unguwa, 'ya'yan tsofaffin 'yan dako kuwa kaɗan ne suka shiga. Irin wannan ne ya sa masu awo a can suka saba da cire abu uku daga duk adadin ayyukan da aka yi shela: waɗanda da ma za su samu ko ba a kashe kwabo ba, waɗanda aka ƙwato daga hannun wani, da waɗanda suka tafi ga mutanen da ba su aka nufa ba.

A ce, a misali, an buɗe ma'aikatar takalma da mutum ɗari biyu. In kasuwar da ta ci ta dukawan gari ce, ɗari daga cikinsu suka nade tabarma, to, aiki ɗari aka samar ba ɗari biyu ba. In kuwa takalman da ake shigowa da su daga waje ta ture, ko ta sami kwangilar takalman sojoji da 'yan makaranta, lissafi ya sauya. A garin da ke cike da matasan da yaƙi ya raba da gona da makaranta, da matan da suka zama su ne uwa su ne uba, a tambayi wa zai sami aikin wajibi ne, ba ƙawa ba.

Har wa yau, ba dole ne kowace tsohuwar ma'aikata ta koma ma'aikata ba. A yankin Ruhr na Jamus, daga 1989 zuwa 1999, garuruwa 17 sun haɗu suka duba kufan ma'adinan kwal da na ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Mahaƙar Zollverein da aka rufe a 1986 ta zama gidan tarihi, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihin duniya a 2001. Maiduguri ba ta da masu yawon buɗe ido da za su ciyar da irin wannan, kwaikwayonsa kai tsaye ɓarnar kuɗi ce. Abin ɗauka shi ne an bar awo ya faɗi amfanin kowane wuri. Arzikin garin na gaske yana cikin wake da riɗi da ƙaro, da bandar kifin da ke shigowa ta hanyar Baga, da shanun Gamboru, da fataucin Chadi da Kamaru da Nijar, da hulunan da 'yan gudun hijira ke ɗinkawa a gindin bishiya. Ƙaton zauren da inji ya mutu a cikinsa yana iya fin amfani in ya zama sito mai tsabta, ko rumfunan makanikai da masu walda da wuta guda ta haɗa su. Fili mai kwari kuma wataƙila babban aikinsa shi ne a bar shi ya riƙa shanye ruwan damina.

Saura awon ƙarshe, wanda ake yi bayan an yanke ƙyalle an watse. A 2019, gab da ƙarshen mulkin Gwamna Kashim Shettima, an buɗe sabon rukunin masana'antu a gefen hanyar Kano, ciki har da na haɗa faifan lantarkin hasken rana. A 2020 gwamnatin Farfesa Babagana Zulum ta fitar da tsarin raya jiha na shekara 25. Waɗannan su ne wuraren da ya fi sauƙi a fara, tun da takardunsu sababbi ne. Kwana nawa kowane inji ya yi yana aiki cikin shekara, mutum nawa ke karɓar albashi a ƙarshen wata, kaya na nawa aka sayar kuma wa ya saya, nawa aka ƙara daga baitulmali don a riƙe ƙofa a buɗe. Alƙaluman nan huɗu suna cikin littafin akawun kowace ma'aikata da gwamnati ke da hannu a ciki, Majalisar Dokokin Jiha kuwa tana da ikon ta ce a riƙa kawo mata su kowace shekara tare da takardar kasafin kuɗi.